Fankar Obrad da Iskar da Mahaifiyarsa Ke Tsoro

Akwai wani mutum a nan birnin Novi Sad mai suna Obrad, ma'aikacin awon filaye. Ba mugu ba ne, amma yana da hali guda: in ya karanta abu sau ɗaya a intanet, shi ke nan, ya fi wanda ya ƙera abin sani.

A siton bayan kicin ɗinsu, tsakanin kwalaben ayvar, wato markaɗen gasasshen tattasai, da na rakiya, barasar gargajiyarmu, ya ajiye wata kwamfuta da ya haɗa da hannunsa. Irin wadda ba a kashewa ce dare da rana, aikinta kawai ajiye hotuna da bidiyon gida. Mutanen gidan "akwatin" suke ce mata.

A cikin akwatin nan muryar mahaifinsa take. Marigayi Budimir makaɗin harmonika ne, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, babu bikin slava, wato bikin waliyyin gida na shekara-shekara, da za a yi a gidansu bai ja waƙa ba, kuma an ɗauki abin a kaset shekara da shekaru. Da ya rasu, Obrad ya ɗauko mahaifiyarsa Leposava daga ƙauye ta dawo wurinsu. Ya kwafe kaset ɗin duka cikin akwatin, ya tattara su zai kai shara.

"Ɗana, bar min ko guda ɗaya," in ji tsohuwar.

"Mama, kaset ruɓewa yake yi. Faifai biyu ne a cikin akwatin nan, kowanne kwafin ɗan'uwansa. In ɗaya ya mutu, ɗaya yana nan. Ki bar wa masu abin abinsu."

Ta bar masa. Kaset suka tafi shara.

Matsalar akwatin ɗaya ce, ƙara. Manhajar da Obrad ya sa ba ta ga ma'aunan zafin da ke jikin na'urar ba, ita kuwa kwamfuta in ba ta san zafin jikinta ba, sai ta saki fankokinta gaba ɗaya don kare kai. Gidan ya koma kamar wurin niƙa.

"Injiniya," in ji matarsa Smilya, wadda ke aikin jinya, "ko dai ka sa abin nan ya yi shiru, ko ka ɗauki filo ka koma sito ku kwana tare."

Obrad ya zauna Asabar da Lahadi yana fama, har ma'aunan suka bayyana a jere: na ɗaya, na biyu, na uku. Na biyun shi ne ke nuna zafin gaske. Ya ɗaure fankokin a kan ma'aunin nan, in zafi ya hau su yi sauri, in ya sauka su lafa. A dandalin intanet da ya samo hanyar, wani ya yi gargaɗi cewa a ɗaure fanka da sunan ma'auni, ba da lambarsa ba, domin lambobin kan canza wuri in kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Obrad ya karanta rabin layin ya wuce. A ganinsa surutun matsorata ne.

Akwatin ya yi tsit. Obrad ya yi ta yawo a gida ƙirji a gaba.

Sai ga zafin watan Yuli ya sauka, irin wanda kwalta ke manne wa takalmi. Kowa ya kunna na'urar sanyi, aka ɗauke wuta a unguwar na ɗan lokaci, ta dawo. Akwatin ya tashi da kansa, shiru kamar kullum, babu wanda ya kula.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayar Obrad: faifai ɗaya ya mutu.

Ya faɗa siton da gudu. Abin da ya gani ya sa idonsa ya rufe. Tagar siton a kulle take gam, kuma a saman akwatin an shimfiɗa ɗan farin ƙyalle na saƙar kwarashi.

To, kun san tsofaffinmu. Ba sa iya ganin saman talabijin ko firji tsirara ba su rufa masa ƙyalle ba. Kun kuma san su da promaya, iskar nan da ke ratsawa in taga da ƙofa suna buɗe lokaci guda. A wurin Leposava, promaya ce ta karkatar da bakin ƙanwarta, ita ce ta kurmantar da maƙwabcinsu, ita ce ma ta fara kwantar da Budimir. Ko motar haya ta shiga, sai ta sa an rufe taga.

"Mama! Wa ya rufe tagar nan?"

Ta fito daga kicin hannunta duk gari. "Ni ce, ɗana. Iska ce ke bugowa har bayan wuyana in ina girki."

"Wannan tsumman fa?"

"Ƙura na ga tana taruwa..."

"Ƙura! Kin toshe shi, kin dafa shi! Faifai ɗaya ya mutu saboda ke da camfinki. In ɗayan ya bi shi, muryar Baba ta tafi har abada, kuma ke kika kashe ta!"

"Obrad, mahaifiyarka ce fa," in ji Smilya.

"Na sani! Daga yau kada ƙafarki ta sake shiga siton nan. Kin ji ni? Ko gishiri kike so, ki jira ni."

Tsohuwar ta ɗauki ƙyallenta daga ƙasa inda ya jefar, ta ninke shi, ta shige ɗakinta. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, domin duk duniya babu abin da ya rage mata na mijinta sai muryar nan.

Washegari da safe Obrad ya saka sabon faifai ya fara kwafi. Aikin zai cinye yini guda. Tsohon faifan da ya rage yana ɗan ƙas-ƙas, alamar shi ma ya gaji, kuma in aka kashe shi babu tabbacin zai sake tashi. Sai an gama kwafin nan hankali zai kwanta.

Ya bar murfin gefen akwatin a cire, ya ɗan buɗe tagar siton, ya ja ƙofar ya rufe don kada wata ta yi sha'awar shiga. Smilya ta tafi asibiti, shi kuma ya wuce aiki wata gona a hayin kogi.

Can yana tsakiyar gonar masara, rana ta take, ya ciro waya ya duba. Ma'auni na biyu: digiri 27. Ya yi murmushi, ya mai da wayar aljihu.

Ya yi 'yan taku ya tsaya cak.

Da safe ma 27 ya gani. Jiya, lokacin da yake zazzaga wa mahaifiyarsa masifa, 27 ne. Yau ko a inuwar bishiya zafi ya kusa arba'in. Wane irin sito ne zai zauna a 27 bai motsa ba?

Ya shiga wani shafi, inda faifan da kansa yake faɗin zafin jikinsa. Digiri 57.

Nan take rabin layin da ya tsallake a dandali ya dawo masa. Ranar da aka ɗauke wuta lambobin sun canza wuri. Abin da yanzu ake kira na biyu wani ma'auni ne da ba a jona shi da komai ba, lamba ɗaya yake nunawa har abada. Fankokin sun yarda da shi sun kwanta barci. Shirun da yake taƙama da shi, shirun na'urar da ke dahuwa ne.

Ya yi ƙoƙarin tayar da fankokin daga wayar, abin ya ƙi. Shi da kansa ya kulle hanyar, ya ce daga waje kallo kawai za a iya, wai don tsaro. Ya kira Smilya, wayarta a kashe, tana bakin aiki. Ya kira wayar gida. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

58.

Ya watsa kayan awo a bayan mota ya fizge ta. Ya sake kiran gida, shiru. "Fushi take yi," ya ce a ransa, kuma ya san in ma fushin ne tana da gaskiya.

A bakin gadar Danube ya tarar da cunkoso, motoci sun tsaya kamar an dasa su. Ya danna hon, direban gabansa ya leƙo.

"Kai ɗan'uwa, in kana da fuka-fuki ka tashi mana!"

Obrad bai ko ji shi ba. Idonsa na kan waya. 60. Kwafin ya wuce rabi da kaɗan. 61. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya tuna mahaifinsa a kan teburin slava, kai a karkace, yana jan harmonika yana tsokanar Leposava a cikin waƙa. Ya tuna jakar kaset ɗin da ya jefa shara da hannunsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza.

Lambar ta tsaya a 61. Ta daɗe a nan.

Sai ta koma 60.

Ya goge fuskar wayar da riga, yana zaton idonsa ne. 59. Kafin ya sauka daga gadar ta kai 56. Bai gane komai ba, kuma rashin ganewar ya ƙara tayar masa da hankali. Ko faifan ne ya mutu yake hucewa?

Bai jira lifta ba, ya haye matakala da gudu. Tun daga hawa na ƙasa ya ji iska tana bugun fuskarsa. Ƙofar gidansu a wangale take, an tokare ta da silifas. Tagogin falo a buɗe, ƙofar baranda a buɗe, labule na tashi sama. Gidan da ba a taɓa buɗe taga biyu lokaci guda ba tun zuwan Leposava, yau iska ke ratsa shi daga wannan bango zuwa wancan.

A bakin siton ya same ta. Tana zaune a kan 'yar kujera, a tsakiyar iskar. Cikin wannan zafi ta saka rigar ulu, ta naɗe wuya da gyale, ta cusa auduga a kunnuwa. Kafaɗarta ta tokare ƙofar siton don kada iska ta buga ta. Hannayenta biyu suna riƙe da wuyan tsohuwar fankar falo, wadda kanta ya saki tun bara, tana saita ta daidai cikin akwatin. Sandarta na kwance a ƙasa, da ita ta tura tagar siton ta buɗe gaba ɗaya daga inda take.

Ƙafafunta kuwa suna wajen dokin ƙofa.

Ta ɗago ta gan shi, tsoro ya bayyana a fuskarta.

"Ban shiga ba, ɗana," ta ce da sauri. "Dubi ƙafata, ban shiga ba. Wari na ji kamar an manta dutsen guga a kan riga. Na ji waya tana ringi, amma in na saki fankar nan kanta faɗuwa yake yi."

Obrad ya tsallake ta ya durƙusa gaban akwatin, ya ɗaure fankokin da sunan ma'aunin gaske. Suka tashi da ruri, gidan ya sake komawa wurin niƙa, kuma bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Zafin ya ci gaba da sauka.

Ya duba tarihin na'urar. Fankokin sun kwanta tun ranar da aka ɗauke wuta. Ya kalli saman akwatin inda ƙyallen ya zauna: ƙarfe ne shafe, babu ko huda ɗaya da ƙyalle zai toshe.

Ya juyo a durƙushe, ya karɓi fankar daga hannunta. Yatsunta sun sandare, sai da ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ba ke ba ce. Ni ne. Ni na kashe faifan farko, kuma da na kashe na biyu yau. Ki yafe min."

Ta cire audugar kunne ɗaya. "Me ka ce?"

Dole ya maimaita, da ƙarfi, ƙofa a buɗe, maƙwabta na ji.

Tsohuwar ta dube shi. "Mahaifinka yana nan a ciki?"

"Yana nan, Mama."

"To tashi ka rufe min tagogin nan kafin iskar nan ta ƙarasa ni."

Da yamma kwafin ya kammala. Smilya ta dawo ta tarar da su a falo, Budimir na jan harmonika a talabijin, akwatin na ruri daga sito. Ta buɗe baki za ta yi maganar ƙara, ta ga idon mijinta, ta fasa.

Washegari Leposava ta tashi wuyanta ya ƙage, ba ta iya waiwaye. Obrad na shafa mata rakiya a wuya tana cewa, "Ka gani ko? Ku ce camfi ne." Karo na farko a rayuwarsa bai yi gardama ba. Da ya gama, ya je ɗakinta ya ɗauko farin ƙyallen, ya shimfiɗa shi a saman akwatin da hannunsa.

Darasi: Kafin ka ɗora laifi a kan wanda ba zai iya mayar maka da magana ba, ka fara duba aikin hannunka. Wanda ka kora da tsawa yau, wataƙila shi ne zai zauna cikin abin da ya fi tsoro don ya tsare maka abin da ka kusa ɓatawa. In kana da mahaifiya a raye ka kira ta yanzu, sannan ka tura wa wani labarin nan shi ma ya karanta.