Ƙofar da Kurege Ya Ƙi Faɗaɗawa

An yi wani tsohon Kurege a bayan wani ƙauye, gwanin haƙar rami, wanda duk gidajen unguwar dabbobi aikin hannunsa ne. Kowane gida ƙofa biyu yake yi masa: babba ta shiga da fita, da 'yar siririya ta gudu a baya, wadda mai gida zai ratsa amma kan kare ba zai shiga ba.

Tun da wata mata ta kafa kaskon tuya kusa da unguwar, Kurege ya lura da wani abu. Da can sai yaran unguwar sun taka har gona kafin su sami gyaɗa. Yanzu kuwa ga ɓarɓashin ƙosai da ƙuli-ƙuli a bakin ƙofa. Shekarar farko gida biyu suka kira shi ya ƙara musu faɗin ƙofa saboda ƙiba. Ta biyu, gida bakwai. Ta uku, ba ya ko samun hutu.

Maƙwabciyarsa Gafiya ce, mai son a yaba ta. Ɗa ɗaya gare ta, Dunƙule. Ko ya ce ya ƙoshi, sai ta kwantar da shi a cinya ta yi masa ɗura da kunun gyaɗa.

Ran nan ta leƙo tana taƙama. "Baba Kurege, zo ka buɗa mana ƙofar baya. Ɗan nawa ya fi ƙarfinta!"

Kurege ya karkaɗe ƙasar hannunsa ya ce, "Ta gaba na buɗa miki sau biyu. Ta baya kam, ba da ni ba. In ta ɗauki Dunƙule yadda yake ɗin nan, ta ɗauki kan kare. Ki bar shi ya riƙa bin jikokina gona."

"Gona? Cikin wannan rana? Jikokin naka da suke kamar tsinken tsintsiya? Kowa ya gan su ya san ba a ɗora tukunya a gidanku. Dubi wuya a nan, dubi kumatu! Hassada ce kawai, tsoho."

Dunƙule ya ce a hankali, "Inna, ni fa ina son zuwa."

"Rufe baki da magana, buɗe shi da kunu!"

Kurege ya shafa kan yaron ya tafi, abin yana cin ransa.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, samarin ƙauye suka fito farauta da karnuka. Suka cusa karmami da barkono a manyan ƙofofi, suka kunna wuta. Kowa ya yi ta ƙofar baya ya arce.

Kurege ya riga ya tsira da jikokinsa, suna laɓe bayan suri. Da ya waiga, sai ya hango kan Dunƙule a ƙofar gudu, ya fito rabi ya maƙale. Ba gaba, ba baya. Uwarsa kuma tana ciki a bayansa, ya toshe mata hanya, hayaƙi na turnuƙe ta.

"Wayyo, Baba! Innata ta daina magana!"

Tsohon bai tsaya shawara ba. Ya ce wa jikokinsa, "Ku ja mini karnukan nan nesa." Yaran suka fita a guje, wannan ya yi gabas, wancan ya yi kudu, karnuka suka bi su har suka rasa wanda za su kama.

Shi kuwa ya durƙusa yana haƙa gefen ƙofar. Ƙasar ta bushe kamar dutse, farcensa ya tsage, jini ya fito, bai ɗago ba. "Saki numfashi, jikana, tsuke ciki. Yawwa!" Ya kama hannuwansa ya fizga, suka faɗi tare tim! Sannan ya kutsa cikin hayaƙin ya jawo Gafiya ta wutsiya.

Da ta farfaɗo tana tari, ta dubi ɗanta, ta dubi hannun tsohon mai jini, sai kunya ta rufe ta. Ta ɗaga hannu za ta make yaron. "Kai ma da cin tsiya!"

Kurege ya tare hannun. "A'a, 'yar nan. Shi ya kwantar da kansa ya yi wa kansa ɗura?"

Washegari da sassafe sai ga ta a ƙofarsa, riƙe da hannun Dunƙule. "Baba, ga jikanka, a tafi da shi gona."

Kurege ya yi murmushi. "Na karɓa. Ke ma wuce gaba, hanyar ta ishe mu duka."

Darasin wannan labari shi ne, ƙibar yaro ba ita ce shaidar gata ba. Mai ƙaunar ɗansa yakan ciyar da shi daidai cikinsa, ya bar shi ya yi gudu da wasa. Wanda kuma ya gaya maka gaskiya mai ɗaci, sannan ya tsaya maka ranar wuya ba tare da gori ba, riƙe shi da hannu biyu.