Rabin Awar Da Ta Rage Kafin La'asar

Akwai wani bawan Allah a Talata Mafara mai suna Imrana, sana'arsa haɗa manhajar waya da ta kwamfuta. Amma da za ka tambayi mutanen gari, cewa za su yi, "Imrana? Ai mai kujerun nan ne."

Dalili kuwa, shi ke shirya taron masu haɗa manhaja da ake yi duk shekara, wanda matasa ke zuwa daga Bakura da Maradun da ƙauyukan kewaye. Shi zai nemo ɗakin taro, ya aro majigi, ya tallabo janareta, ya bi masu jawabi a waya yana lallashi kamar mai biko. Ranar taro kuma ba ka ganinsa sai da kujerun roba a ka.

Tun da aka fara taron nan bai taɓa tsayawa ya yi nasa jawabin ba. Kunya ke sa ya ajiye sunansa a ƙarshe, lokaci kuma ba ya kaiwa can. Kowa ya san yadda hanyoyinmu suke yanzu, babu direban da zai yarda yamma ta yi masa a hanya. Da an sallame la'asar, taro ya watse.

Bana dai Imrana ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa. Ya ce wa matarsa Batulu, "Wanga shi na na ƙarshe. In tsaya sau guda in yi magana, su san ba kujera kaɗai na iya ba, sannan in aje."

Ta ce, "Bara ma haka kac ce."

Gaskiya kuwa ta faɗa. Ya shirya jawabi a kan yadda manhaja za ta ci gaba da aiki ko sabis ya ɗauke, ya yi ta maimaita shi a tsakar gida har Batulu ta haddace. Wannan karon ya sa sunansa bayan azahar, lokacin da ɗaki ke cike.

Bayan sunansa sai na Malama Lailatu, wata malamar makaranta a Maradun da ke koya wa mata rubuta manhaja da wayar hannu kawai. Bara ta zo da jawabinta, ta koma da shi ba ta buɗe baki ba. Da ya kira ta bana, sai ta ce, "Malam Imrana, ɗalibaina sun ce mata a taronku sai tahi da rabon ruwa. In bana ma anka yi haka, ba ni da bakin sake kiransu." Ya yi mata alkawari.

Ranar taro, babban baƙo Alhaji Hashimu, aminin marigayi mahaifin Imrana, wanda ya ba da ɗakin taron, bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ba a kuma isa a fara babu shi ba. Aka ba shi makirufo ya buɗe taro a taƙaice. Ya gaishe da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu, ya tambayi iyalansu, sannan ya ɗauko labarin ranar da ya fara ganin kwamfuta a Sakkwato. Da ya gama, sai ya miƙa wa waɗanda suka rako shi. Kowane ya tashi sai ya ce shi ba zai ce komai ba, sai kuma ya ce komai.

Wani matashi ya raɗa wa Imrana, "Ka kashe janareta mana, mu ce mai ya ƙare."

Imrana ya girgiza kai. Mutumin da ya ɗauki makarar ubanka, ta ina za ka katse masa magana?

Masu jawabin safe su ma da suka hau, babu wanda ya yarda a ce ba shi da tarbiyya, kowa sai da ya sake jero gaisuwar daga farko. Aka yi azahar, aka ci abinci, aka dawo ana biyan jawaban safe. Can sai ga direban motar Maradun ya leƙo, ya ce, "Malam, da an sallame la'asar zan tada mota. Wanda bai shiga ba ya kwana Mahwara."

Imrana ya dubi agogo. Rabin awa ta rage, sunaye biyu kuma suka rage, nasa da na Lailatu.

Ya fita bayan ɗakin ya zauna kusa da janareta. Kada in ɓoye muku, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a zuciyarsa ita tana da baɗi, shi kuwa ya gama. Ya yi tunanin su raba lokacin, ya ga hakan na nufin babu wanda zai faɗi abin kirki. Ya miƙe da niyyar hawa, don shi ma haƙƙinsa ne.

Yana shiga ya hango Lailatu tana mayar da wayarta cikin jaka, ɗalibanta a layin baya suna gyara hijabi, babu mai kallonsa. Ta ce, "Ba komai Malam, Allah bai nuhwa ba."

Wannan "ba komai" ɗin Imrana ya san shi. Shi yake faɗa wa kansa duk shekara idan yana tattara kujeru, ya kuma san abin da ke ƙarƙashinsa.

Ya karɓi makirufo ya ce, "Jama'a, duk an gaishe ku, gaisuwa ta isa. Malama Lailatu, bisimilla."

Ta hau ta fara jawabinta. Imrana bai ma ji jawabin ba, don janareta ya fara tari, ya koma waje yana lallaɓa shi. Tafi kawai ya jiyo. Aka kira salla, motoci suka tashi a gaggauce, babu wanda ya tsaya yi masa godiya. Ya tattara kujerunsa shi kaɗai.

A gida Batulu ta ce, "Ya anka ƙare?" Ya ce, "Lahiya lau." Ta dube shi, ta kawo masa ruwa. Ranar ya fice daga zauren taron na WhatsApp.

Watanni suka shuɗe. Wata Asabar aka yi sallama, sai ga Lailatu da maigidanta da wasu samarin Bakura. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam, taro mai zuwa Maradun za a yi shi."

Ya ce, "Malama, ni hwa na aje."

"Mun sani, ba aiki munka kawo maka ba. Ɗalibaina sun ga jadawali a bango rannan, sun ga sunan da ke gaban nawa. Mun raba aikin tsakaninmu. Kai za ka buɗe taro da jawabinka tun da sahe. Manyan baƙi kuwa mun roƙe su su zo su ruhe muna da addu'a, sun ma hi jin daɗin haka."

Ranar taron Imrana ya isa da wuri, don sabo. Ya ga wata kujera a karkace, kafin ya ankara ya ɗaga ta. Lailatu ta ce, "Malam, aje. Yau ba aikinka ba na."

Ya hau, ɗaki cike, ya rasa inda zai sa hannuwansa, maganar ta maƙale masa. Sai ya hango Batulu can cikin mata, bakinta na motsi, tana karanto masa farkon jawabin. Ya yi dariya, idonsa ya cika da ƙwalla, ya kama daga inda ta tsaya.

Darasi: Alherin da ka yi a ranar da kai ma kake cikin buƙata, ko babu wanda ya gode a lokacin, akwai masu gani, kuma Allah ba Ya mantawa. Sannan idan kun ga mutum ɗaya na ɗauke da nauyin jama'a, kada ku jira ya gaji ya ajiye, ku kama masa. Ku tura wannan labarin ga wanda kuka san yana yi mana hidima a bayan fage, ya san muna ganinsa.