Direban Da Ya Sauke Auta A Wani Titi

An yi wani mutum, direba ne, yana da 'yar ƙaramar bas. Da safe yakan bi gida-gida ya kwashi yara masu buƙata ta musamman ya kai su makarantarsu, da la'asar ya mayar da su. Akwai mai keken guragu, akwai kurame, akwai wadda ƙarar birki kawai ke firgita ta. Ƙa'idar aikin kuwa hannu da hannu ce: daga hannun uwa zuwa nasa, daga nasa zuwa na uwa.

A cikinsu akwai yaron da uwarsa ke kira Auta. Yana ji, yana gani, amma ba ya magana. Hanya ɗaya ya sani. In aka canja masa ita, shi ke nan ya rikice. Uwar tela ce, ita kaɗai ke riƙe da shi, gidansu yana can ƙarshen wani matsattsen lungu da mota ba ta fita daga cikinsa sai da baya-baya.

Ran da ta fara miƙa shi, ta tsaya jikin taga ta ce, "Malam Direba, 'ya'yan mutane in an cuce su za su faɗa. Nawa ba zai faɗa ba."

Ya yi dariya ya ce, "Maman Auta, kwantar da hankalinki. Ai shi kaɗai ne fasinjan da ba zai taɓa kushe tuƙina ba."

To, ya 'yan uwa, kun san halin zuciya. Lungun nan ya fara gundurarsa. Sai ya koma sauke yaron a bakin lungu, ya danna hon, ya ja mota. Da uwar ta yi magana, ya ce malamai ne suka ce a bar shi ya koyi tafiya da ƙafarsa. Ƙarya yake yi. Amma wa za ta tambaya? Ta haɗiye damuwarta. Da ta ji hon sai ta tsayar da keken ɗinki, ta fito ƙofa tana hangen ɗanta har ya iso.

Wata rana aka haƙa lambatu aka toshe hanyar. Maimakon direban ya ajiye mota ya riƙe hannun yaron ya kai shi, sai ya zagaya ta wani titi, ya sauke shi, ya nuna da yatsa ya ce, "Miƙe nan, gida yana can." Ya tafi abinsa.

Uwar ba ta ji hon ba. Da shiru ya yi yawa ta kira direban a waya. Tsoro ya kama shi, ya ce, "Inda na saba na ajiye shi." Saboda wannan maganar, maƙwabta suka yi ta nema inda yaron bai taɓa bi ba. Sai dab da magariba wani makanike ya gan shi ƙarƙashin matacciyar babbar mota, ya toshe kunnuwa, ƙarfe ya yanke shi a ƙafa.

Ciwon ya warke. Amma daga ranar Auta bai sake yarda ya shiga mota ba. Makaranta ta ƙare masa.

Shi kuwa direba, ba wanda ya dake shi, ba wanda ya zage shi. Washegari ya fito kamar kullum, ashe labarin abin da ya yi ya riga ya bazu. Ya yi hon a gidan farko, ƙofa a rufe. Ya yi a na biyu, sai labule ya motsa kawai. Ya gama zagayensa mota wayam. Makaranta ta sallame shi. Abokai suka daina kiransa hira. Bas ɗin ta zauna ƙofar gidansa har tayoyi suka sace, yakan shiga ya zauna a mazauninsa shi kaɗai, ba tare da ya tayar da ita ba.

Da abin ya ishe shi, ya taka da ƙafa har ƙarshen lungun. Ya durƙusa ya roƙi gafara. Uwar ta ce, "Nawa haƙƙin na yafe. Amma ba ni ka sauke a titi ba. Ga shi can, roƙe shi."

Ya ja gwiwa zuwa wurin yaron ya ce, "Auta, ka yafe mini." Yaron ya juya ya fuskanci bango. Mutumin ya jira. Ya ƙara jira. Har ya tashi ya fita, bai ji kalmar da ya zo nema ba, kuma ya san a duniyar nan ba zai ji ta ba.

Ya 'yan uwa, haƙƙin bawa mai shi ne ke yafewa. To wanda ka zalunta don ka san ba shi da baki, da wane baki zai yafe maka? Duk wanda aka ba amanar mai rauni, direba ne, malama ce, mai raino ce, ya kai ta har ƙofa, ko da lungun ya matse.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda ba sa iya kai ƙara, ya sanyaya zukatan iyayensu. Amin.