Tukwicin da Ba Ya Shiga Jirgi

An ce wai a zamanin Sarki Barmo na Birnin Tsamiya an yi wani madugu, Jatau, mutumin da ƙafarsa ba ta san zama ba. Shi ne ya keta daji, ya hau jirgin ruwa, har ya kai Tsibirin Marjani, ƙasar da mutanen birni ko a mafarki ba su san da ita ba. Can kanumfari kamar ƙasa, amma babu fata. Nan kuwa jar fata har ta yi wa majema yawa. Ƙuruciyarsa duka Jatau ya ƙarar yana lallashin sarakunan biyu, har Allah ya sa na tsibiri ya haɗo shi da jakada, wani dattijo mai suna Sarandi, da buhunan kanumfari na gaisuwa.

Sarki ya ji daɗi, ya sa aka kawo tukwici, alkyabba da takobi mai kuben azurfa, don wanda ya kawo kyauta ba ya fita hannu rabbana. Sai jakada ya mai da hannuwa baya, ya ƙi karɓa! 

Jakada ya yi magana, Jatau na fassarawa: "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu jakada ba ya komawa da abin da bai fita da shi ba. A bakin ruwa ake laluben kayansa. Ko allura aka samu, sai a ce an saye shi, a jefa shi teku."

Sarki ya ce, "A tamu kuwa, mai da kyautar sarki mari ne a bainar jama'a. Madugu, kai ka jawo mana. In ya karɓa, hanya ta buɗe. In ya ƙi, ya kwashi kanumfarinsa, kai kuma ka bi shi, kada in ƙara ganin ƙeyarka a ƙasata."

To fa, gaba kura, baya siyaki! Jatau da furfurarsa ina za shi? Kuma bai yarda ya sayi zamansa da ran baƙo ba. Sai ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka, al'adarmu ta ce a bayar, ba ta ce a ɗaure a kaya ba. Tasu ta hana komawa da abu, ba ta hana karɓa ba. Ga filin nan na gindin ɗorawa, jikin kasuwa. A ba shi tukwicinsa can, mu ga jirgin da zai ɗauka."

Sarki ya tuntsire da dariya. "Kai, tsohon wayo! Na ba shi, har da rijiyar da ke ciki."

Jakada ya ce, "To wa zai ci moriyar filin da na bari?"

Jatau ya ce, "Ai wurin nan na ke so ka zo, dattijo. Fataken ƙasarku. Su gina masauki, su sauke kanumfari, su lodi fata. Wanda ya san yana da gida a gari, nisa ba ya hana shi zuwa."

Ran nan sarki da kansa ya taka har gindin ɗorawa. Jakada ya dafa ƙasar da hannu biyu, ya ce ya karɓa, sa'an nan ya kakkaɓe tafinsa sarai, kada ko ƙwayar yashi ta bi shi gida. Kasuwa ta ɗauki guɗa, majema suka saɓa Jatau a kafaɗa, yana dariya yana share hawaye. Kafin damina ta zagayo, jiragen Marjani sun fara zarya, Jatau na zaune ƙofar gidansa yana karɓar gaisuwar baƙi.

Shi ya sa masu hikima ke cewa: kyautar da baƙo ya tafi da ita ta ƙare a hanya, wadda ya bari a gidanka ita ke dawo da shi.