Injin da Aulis Ya Ɗora wa Ƙanƙara

Akwai wani mutum mai suna Aulis Kettunen, mazaunin wani tsibiri a tsakiyar tafki, can gabashin Finland. Da ya yi ritaya daga tuƙin motar katako, sai sha'awar gyaran bindigar farauta ta kama shi. Ko kusa ɗaya bai taɓa sassaƙawa ba, amma in ya fara bayani a wurin shan kofi, sai ka rantse shi ya ƙera ta kowa.

Abin da ya sa a gaba shi ne tsohuwar bindigar mahaifinsu. Marigayin ya bar musu ita ne su biyu, shi da yayarsa Sirkka, kuma a gidanta take, a bakin gaɓa. Wasu ƙananan kusoshinta sun cinye, an kuma daina sayar da irinsu. Aulis ya ce da hannunsa zai yi sababbi, in dai ya samu injin sassaƙa ƙarfe na hannu.

"Yaya, ba ni bindigar in je in gwada ta a jikin injin."

"Kusa za ka yi, me ya kai bindigar wurin?"

"Ke dai ba ki san aikin nan ba."

"Kai ka sani?" Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa ita.

Mai sayar da injin wani tsohon maƙeri ne, Tapani, da ke shirin rufe shagonsa. Injina biyu gare shi. Ɗaya ƙarami, mutum biyu za su ɗaga shi. Ɗayan kuwa ya fi ƙaramar mota nauyi.

Tapani ya dafa ƙaramin ya ce, "Wannan ba laifi." A nan wurinmu Finland, in mai kaya ya faɗi haka, to ya gama yabo.

"Babban fa?"

"Shi ma yana juyawa. A tsibiri kake, ko?"

"Eh."

"Uhm."

Aulis ya kwantar da bindigar a kan babban, ya ga ta zauna har da ragowar wuri. Nan take ransa ya biya. "Ka gani? Wancan ai na wasan yara ne."

"Mai koyo da ƙaramin yake farawa," in ji Tapani. "In ma babban kake so, bar shi nan sai ƙanƙarar tafkin ta narke, a kai maka a jirgin ruwa. Ba gudu zai yi ba."

"Tapani, a kan ƙanƙarar nan na koyi tafiya. Kai ka san ƙarfe, ni na san tafki."

Tsohon ya karɓi kuɗinsa. Mutanenmu sau ɗaya suke ba da shawara.

Ƙarshen hunturu ne, rana ta fara daɗewa a sama. An riga an kwashe rassan da ake kafawa don nuna hanya a kan daskararren tafkin, kowa kuma ya san ma'anar hakan: ƙanƙarar ta fara rauni. Aulis ya ɗora babban injin a keken jan gungume, ya ɗaura shi da sarƙa a bayan tarakta. Bindigar kuwa ya naɗe ta da bargo ya ɗaure a kan injin, wai kada ta ƙarje a cikin taraktar.

Abin huda ƙanƙara yana gefensa. Al'ada ce a huda a duba kaurinta kafin a hau da kaya. Amma Tapani ya rako shi har bakin ruwa yana kallo, shi kuma Aulis ba zai yarda a gan shi durƙushe yana awo kamar baƙon birni ba. Ya taka mai ya hau.

Ya wuce rabin hanya lafiya. Sai ya ji ƙara a bayansa, taraktar ta ja da baya, sarƙar ta tsinke. Kafin ya waiwaya, babu keken, babu injin, sai baƙin ruwa yana kumfa. Wurin yana da zurfi, ƙasansa kuma laka ce.

Ya daɗe a zaune. Daga baya ya lallaɓa ya zagaya zuwa gaɓa, ya nufi gidan yayarsa.

Sirkka ta buɗe ƙofa ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka jiƙe?"

"A'a."

"Injin?"

"Ya tafi."

Ta zuba masa kofi, ta yanka burodi. Sai da ya zauna ta kalli hannuwansa.

"Bindigar fa?"

Aulis, mai bayani a kan komai, ya nuna tafkin da hannu kawai.

Sirkka ba ta ɗaga murya ba. Ta ciro makullin akwatin ƙarfen da ake kulle bindigar, ta ajiye a gabansa.

"Riƙe. Ni ba ni da abin kullewa kuma."

Darasi: Ka zaɓi abin da ya dace da aikinka, ba wanda zai sa a kalle ka ba. Kada kunyar a ga kana bincike ta sa ka yi ganganci, balle in amanar wani tana hannunka. Ku tura wa duk wani mai koyo da ya fara ji da kansa.