Ranar Da Lyle Ya Ce A Yanke

Akwai wani ɗan wasa a New York mai suna Lyle Dorrance. Ya daɗe yana fitowa likita a talabijin, har a jirgin ƙasa ake tare shi ana nuna masa ƙuraje. Da aka kashe likitan a cikin shirin, sai kiran aiki ya ɗauke ɗif.

Da ƙyar ya samu gurbi a wani wasan dandamali. Ita ce damarsa ta ƙarshe, shi ma ya sani. Ga shi kuma hadda ta fara zille masa.

Maureen, wadda ke fitowa matarsa a wasan, ta lura.

"Lyle, ka riƙa zuwa gidana da safe mu yi bita. Akwai kofi."

"Ni za ki yi wa bita? Lokacin da ƙasar nan ke kallona, ke kina ina?"

Darakta ya kawo ɗan abin kunne da za a riƙa raɗa masa magana. Lyle ya ture, wai na tsofaffi ne.

"To ka sake mantuwa," in ji darakta, "Wendell, ɗan wasan da ke jiran ko-ta-kwana, zai karɓi gurbinka."

A gida kuwa Lyle yakan kulle kansa a banɗaki yana nanata kalmomin yana hawaye. Tsoro na cinsa, girman kai ya hana shi buɗe baki.

Ran Laraba da rana zaure ya cika da tsofaffin mata da suka yo mota guda don ganin likitansu. Ana tsakiyar wasa, kan Lyle ya zama fanko. Ya dubi Maureen, ya dubi fitilu, gumi ya keto masa.

Sai sabo da aikin talabijin ya yi halinsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "A yanke. Mu sake ɗauka."

Babu kyamara, sai idanu.

Maureen ta yi wuf ta shiga, ta haɗa maganarsa da tata har aka sauke labule. Lyle ya bi darakta har mota.

"Don Allah, kawo abin kunnen, zan sa. Ba ni da wani aikin."

"Ka makara, Lyle."

Washegari Lyle yana tsaye a bayan labule, Wendell na kan dandamali. Leɓunan Lyle na bin kowace kalma, ko ɗaya bai kuskure ba.

Darasi: Idan rauni ya zo maka, ka karɓi taimako tun ana miƙo maka shi. Girman kai ba ya ɓoye rauni, ranar tonuwarsa kawai yake zaɓa. Ku tura wa wanda ke fama shi kaɗai yana cewa lafiya lau.