Gawon Ta'aziyya

An yi wani sarki a ƙasar makiyaya, sunansa Jatau, mutum mai haƙuri da sauƙin kai, har ranar da zazzaɓi ya ɗauke masa ɗansa tilo, Nuhu, saurayin da ya fi son zama cikin garke a kan zaman fada. Da aka tashi daga makoki, sarki ya ware fili a bayan gari, ya ce duk mai ta'aziyya ya dasa gawo ɗaya, domin in rani ya tsananta dabbobi su ci 'ya'yansa da ganyensa, ladan ya isa ga mamacin. Shi da kansa ya durƙusa ya dasa na farko a tsakiya. Sai fadawa da attajirai suka yi ta cusa nasu a gindin na sarki, kowa na son a ga kusancinsa, har babu wurin sa ƙafa. Talakawa kuwa, don kunya da tsoron dogarai, suka ja can gefe, suka dasa nasu nesa-nesa da juna.

Aka ɗora wani mutum mai suna Ilu a kan kula da wurin. Shekaru suka shuɗe, itatuwan tsakiya suka tashi sirara kamar kara, ba rassa, ba 'ya'ya. Da aka shiga wani mugun rani, shanu suka fara faɗuwa, sai fadawa suka ce sakacin Ilu ne. Sarki ya sa aka ɗaure shi, ya kira Waziri Salmanu, ya ce, "Waziri, ka gano mini abin da ya hana itatuwan ɗana 'ya'ya. In Juma'a ta zo ba wani dalili, Ilu zai bar ƙasata shi da iyalinsa."

Waziri ya koma gida, ya tarar da matar Ilu, Tabawa, rakuɓe a zaurensa da goyo. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baba Waziri, wallahi har ruwan da na ɗebo mana na sha yake kwashewa ya kai wa itatuwan nan. Kafaɗarsa duk ta yi kanta. Ina za mu nufa da ranin nan?" Waziri ya sa aka kawo mata fura, ba ta sha ba.

Da safe ya tafi filin shi kaɗai. Ya nemi kutsawa tsakiya, ƙaya ta riƙe masa riga, ya ɗaga kai bai ga rana ba. Ya tona ƙasa da sandarsa, ya ga saiwoyi sun sarƙe suna shaƙe juna. Da ya zaga gefe, sai ga na talakawa sun baje rassa, awaki na tsintar 'ya'ya a ƙarƙashi. Nan ya gane, amma ganewar ba ta yi masa daɗi ba.

Ya roƙi sarki ya taka da ƙafarsa ya gani. Da suka isa tare da fadawa, Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, itatuwan nan ba ruwa suka rasa ba, ba kuma kulawa ba. Wuri suka rasa. Kowanne yana miƙewa sama neman rana, bai samu sukunin yin reshe ba, balle 'ya'ya. Sai an sare da yawa kafin sauran su rayu."

Galadima ya yi farat ya ce, "To, a sare na gefe mana."

Waziri ya ce, "Haba Galadima, na gefen su kaɗai ke ciyar da akuya. Naka ko tsuntsu bai yarda ya sauka a kai ba."

Ba wanda ya yi dariya, don sarki ya riga ya tambaya, "Da wanne za a fara?"

"Da wanda ya fi rauni, ranka ya daɗe, ko na wane ne."

Sarki ya dubi tsakiya, ya daɗe yana kallo, domin babu wanda aka matse kamar nasa. Ya ce, "Salmanu, da hannuna na dasa shi."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ina tsaye a wurin."

Sarki ya sa aka kwance Ilu aka kawo shi, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, sannan ya karɓi gatari. Sara ɗaya itacen da ya dasa ya kwanta, don ko kaurin damtse bai kai ba. Ilu, wanda ya shekara da shekaru yana ba shi ruwa, shi ya fara fashewa da kuka. Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ba Ilu saniya da ɗanta, ya koma gida bai waiwaya ba. Bai kuwa kai shekarar da sauran itatuwan suka yi 'ya'ya ba.

Duk mai mulkin da ke neman adalci ya sani, wata rana daga abin da ya fi ƙauna za a fara saran.